Tsinken Kawu a Gajeren Rami

Na iso Dugabau ana dawowa daga maƙabarta. Tun daga nesa na hango mutane da diga da shebur a kafaɗa, na san na makara. Kawu ne ya rasu, yayan mahaifiyata, wanda ya riƙe ni tun ina ajin farko na sakandare. Da asuba ya cika, kafin rana ta yi zafi an kai shi makwancinsa. Na yi innalillahi a mota, na sake yi a ƙofar gida, sannan na nemi gefen tabarma na zauna kamar kowane baƙo.

Kwana uku muka yi a gindin darbejiyar ƙofar gidan. Mutanen Gammo sun zo, na Madadi sun zo, 'yan kasuwar Gwarzo da ke sayen gyaɗarsa sun cika mota guda. Kowa da abin da ya sani game da mamacin, kuma duk bai wuce abu ɗaya ba: ba ya faɗa, ba ya shiga abin da ba ruwansa, ba a riga shi sahun gaba. Ana cikin haka wani dattijo daga Gammo ya tambaya, wai shin wace sana'a ma marigayin ya yi a birni duk shekarun nan?

"Dako," in ji wani.

"Ba dako ba ne," in ji na kusa da shi. "Wasan nan ne na masu kuɗi, da ake bugun 'yar ƙwallo kamar ƙwan zabuwa, a bi ta a ƙafa. Shi ke riƙe musu jaka."

"To ai dakon ke nan."

Aka yi 'yar dariya ƙasa-ƙasa, irin wadda ake yi a zaman makoki a bi ta da istigfari. Liman ya ce halali dai ake nema, ko ta wace hanya. Shekara arba'in da Kawu ya yi a filin golf, a nan aka naɗe su aka ajiye.

Ni ne ya kamata in gyara musu. Kafin ma in buɗe baki an juyo kaina.

"Ga wanda ya hutar da shi nan," in ji maƙwabcinsa, yana nuna ni da carbi. "Shi ya ce, Kawu, wahalar ta isa haka, koma gida ka huta. Marigayi da bakinsa ya gaya mana. Allah ya yi maka albarka, Alhaji."

Aka shafa, ni ma na shafa na ce amin.

Ƙarya ce, kuma Kawu ne ya shirya ta don ya rufa mini asiri. Ban hutar da shi ba. Wulaƙanta shi na yi a gaban mutane, ya tattara ya bar birni, yau shekara tara, kuma ban taɓa zuwa na durƙusa na ce ya yafe mini ba. Ba ladan zaman makoki ne ya zaunar da ni kwana ukun nan ba. So nake in sami mutum ɗaya da zai ce mini ya ji Kawu ya ce ya yafe.

A cikin taron, mutum ɗaya ne ya ga abin da ya faru da idonsa. Aminin Kawu ne, wani dattijo mutumin Filato, Kirista, wanda suka yi aikin filin tare tun suna samari. Daga birni ya taso a motar haya. Yana zaune a ƙarshen tabarma, in an ɗaga hannu addu'a ya cire hula ya sunkuyar da kai. Lokacin da ake sa mini albarka ya ɗago ya dube ni sau ɗaya, ya mayar da idonsa ƙasa.

Ga wanda bai san wasan ba, fili ne mai faɗi da ramuka goma sha takwas, kowanne da nisansa. Kana tashi daga wani ɗan dandamali ka bugi ƙwallo da sanda, ka bi ta ka sake bugu, har ta faɗa rami. Wanda ya fi ƙarancin bugu shi ya ci. Dokar wasan ta ce inda ƙwallo ta faɗi a nan za ka buge ta, ko cikin ciyawa ne ko kan tsakuwa. Wuri ɗaya tak aka yi maka rangwame, wato bugun farko na kowane rami. A nan kana iya soka wani ɗan ƙaramin ice a ƙasa ka ɗora ƙwallon a kansa. Masu wasa suna ce masa ti. Kawu bai taɓa kiransa haka ba, tsinke yake cewa.

A dogon rami, inda ake zaro babbar sanda mai kai kamar ludayi, ba mai gardama, kowa ɗorawa yake. Rigimar a gajeren rami take, wanda daga inda kake tsaye kana hango tuta, bugu ɗaya ya kamata ya kai ka, kuma sandar ƙarfe ake ɗauka. A nan mutane suka rabu biyu. Wasu su sunkuya su soka tsinke. Wasu kuwa, galibi manya masu ji da kansu, sai su jefar da ƙwallon ƙasa, su ɗan tura ta da bakin sanda, su buga, don a san hannunsu ya faɗa.

Duk haƙurin Kawu, a nan yake ƙarewa. Ka zage shi, ka hana shi abinci, ka bar shi a rana da jaka, ba zai tanka ba. Amma ka jefar da ƙwallo ƙasa a gajeren rami, sai ka ga jijiyar wuyansa ta tashi.

"Sau goma sha takwas kacal aka ce ka zaɓa wa ƙwallonka wurin zama," haka yake cewa. "An ba ka kyauta, ka mayar, don a ce kai gwani ne? Matafiyi aka ce ya yi raka'a biyu, ya ce shi sai huɗu. Wannan ba ibada ya fi mu ba, girman kai ya fi mu."

Yana da hujja, ba hayaniya kawai ba. Da rani ƙasar dandamalin takan yi tauri kamar daɓe, in ƙarfe ya riga taɓa ta sai ya yi tsalle ya sari ƙwallon a ciki. Da damina kuma ƙarfen nutsewa yake, ko ciyawa ta shiga tsakaninsa da ƙwallo ta kwashe ƙarfin bugun. Tsinke yana raba ka da wannan duka. Amma in ka ce ka yarda, ka soka shi tsaye zanƙalƙal, nan ma faɗa ne.

"Wa ya ce ka kafa mata tutar makaranta? Danna shi. Ƙara. Kansa kawai za ka bari, kaurin farce, ta zama kamar ta zauna a kan ciyawa mai kyau. In ƙarfen dogo ne ka ɗan ƙara kaɗan. In ka ɗaga ta da yawa sandar za ta wuce ta ƙarƙashinta, ta tashi sama ta dawo ta gaishe ka."

Saboda guntu ake buƙata a gajeren rami, Kawu ba ya wuce karyayyen tsinke. Duk wanda manya suka karya a dogon rami suka yar, zai sunkuya ya ɗauka ya soke a naɗin hularsa. Matarsa, wadda muke kira Iya, ta yi ƙorafi har ta gaji, don ba ta taɓa wanke masa hula ba tare da wani abu ya soke ta ba. In ya rasa karyayye, sai ya yanko reshen magarya ya zauna yana fiƙewa da wuƙa, yana aunawa da farcensa.

Shi da amininsa kuwa, a kan wannan suka shekara talatin suna musu. Aminin yana cewa, "Duk sauran filin a ƙasa kake bugun ƙarfe. Hannu ya saba da abu ɗaya, don me za ka rikita shi, Sarkin Tsinke?" Kawu ya ce, "Duk sauran kwanakin shekara tuwon dawa kake ci. Ranar Kirsimeti in an ba ka shinkafa ka ce a'a, baki ya saba?" A kwano ɗaya suke cin abinci suna wannan rigima. Sun taɓa ɗaukar bokitin ƙwallo su biyu don a raba gardama, suka buga har rana ta faɗi, suka dawo kowa yana cewa shi ya yi nasara. Sati guda ba su yi magana ba, amma ba su fasa cin abinci tare ba.

Da mahaifina ya rasu, Kawu ne ya zo Gwarzo ya ce wa mahaifiyata ta ba shi ni. Ɗaki biyu gare shi a birni, shi da Iya da 'ya'yansu mata uku, ya kafa mini gado a zaure ya sa ƙofa. Sunan kakana nake ɗauke da shi, wato mahaifin Kawu, saboda haka bakinsa bai taɓa furta sunana ba. Babana yake ce mini. Ranar da ya kai ni makaranta, malami ya tambayi sunan yaro, Kawu ya yi tsuru-tsuru, ya dubi sama ya dubi ƙasa, ƙarshe ya fita ya kirawo amininsa da ya rako mu ya faɗa a madadinsa. In na yi laifi ma ba ya iya zagina. Sai dai ya ce, "Babana, wannan ba halin babana ba ne." Na fi son ya doke ni.

Shi ya koya mini wasan, a wani filin ƙwallon ƙafa da ke bayan gidanmu, da tsohuwar sandar ƙarfe da wani ya yar. Ya ce ko ba komai zan san abin da ke ciyar da ni. Hannuna ya faɗa, har ya riƙa kiran abokan aikinsa su zo su gani. Ban taɓa ganinsa yana alfahari da wani abu nasa ba sai ni.

Na yi karatu, na sami aiki, na yi gaba. Wata rana na wayi gari ina da katin shiga kulob ɗin da Kawu ke aiki, ina shiga ta ƙofar gaba, shi yana shiga ta baya kamar yadda ya saba. Ba mu taɓa zama mun shirya ba, amma sai ya zamana ba ya ɗaukar jakata, ni kuma ba na gaishe shi a gaban mutane. In na gama wasa nakan zagaya bayan kicin in durƙusa, ya tambaye ni yara, ya tambaye ni yadda na buga rami na kaza. Ya karɓi wannan tsari bai ce komai ba, ni kuwa na ɗauki shirunsa a matsayin yarda domin haka ya fi mini sauƙi.

Sai aka kawo mana sabon shugaba a wurin aiki, mutum mai son wasan da son a yabe shi. Ana maganar ƙarin girma a lokacin, sunana yana ciki, ya gayyace ni mu zaga tare da wasu baƙinsa biyu. Ya ce a ba shi wanda ya fi kowa sanin filin, aka ba shi Kawu. Ni kuma aminin Kawu ne ya ɗauki jakata. Rami shida muka yi, Kawu bai dube ni ba, ni ma ban dube shi ba.

Na bakwai gajere ne, da kwari a gabansa. Shugaba ya jefa ƙwallonsa ƙasa, ya tura ta da sanda, ya buga, ta tsallake da ƙyar. Ya juya yana gaya wa baƙinsa da Turanci cewa tsinke a gajeren rami aikin 'yan koyo ne. Suka yi dariya, na fi su dariya. Da layi ya zo kaina na zaro ƙwallona na jefa ƙasa.

Na ji takunsa kafin in ji muryarsa. Ya sauke jakar, ya zaro guntun tsinke daga hula, ya miƙo mini da hannu biyu.

"Babana, ga tsinke. Ƙasar ta bushe."

Shugaba Bahaushe ne, ya ji. Ya dubi tsohon, ya dube ni, yana murmushi. "Babansa? Ka san shi ne?"

Ina so wanda ke karanta wannan ya sani cewa ba suɓutar baki ba ce. Ina da lokaci. Na dubi takalmin robar Kawu, na dubi rigarsa da gumi ya jiƙa, na dubi agogon shugaba, na zaɓa.

"Haka suke, Yallaɓai," na ce. "Kowa babansu ne in suna neman na goro." Sannan na juya na ce, "Kai tsoho, ja da baya. Ba a tambaye ka ba."

Kawu ya mayar da tsinken cikin hula a hankali. Ya ce, "Tuba nake, ranka ya daɗe." Ya ja da baya.

Ina ma a ce ƙwallon ta faɗa kwarin. Na sha yi mata wannan fata. Amma bugun ya yi kyau, ban taɓa yin irinsa a ramin nan ba. Ta tashi ta sauka kusa da tuta ta tsaya cak. Baƙi suka tafa, shugaba ya dafa kafaɗata ya ce ka gani ko. Kawu ma ya ce, "Madalla, ranka ya daɗe," kamar yadda masu jaka ke ce wa kowa. Ya ɗauki jakar har rami na ƙarshe, ya wanke sandunan ɗaya bayan ɗaya, ya goge su. Ƙarin girman ya fito bayan wata biyu. Kafin nan Kawu ya kwashe iyalinsa ya koma Dugabau.

Ba zan ce ban taɓa zuwa ba. Na je sau biyu da Sallah a farkon shekarun. Ina shiga zaure ya miƙe tsaye, ya karkaɗe mini kujera, ya ce, "Sannu da zuwa, ranka ya daɗe. Ya iyali, ranka ya daɗe?" Mutanen gari suka ɗauka girmama ɗan boko yake. Ni na san abin da ya cire daga bakinsa. Kalma ɗaya ce ta rage in faɗa, tana nan a maƙoshina, amma kullum akwai wani a zauren, kullum ana kiran salla, kullum akwai dalili. Daga baya na ce wa kaina ai shi ne ya ƙi sakin zuciyarsa, na daina zuwa. Na koma aika direba da buhun shinkafa. Hanyar ba ta kai awa biyu ba, kuma kwalta ce har kusa da gari.

A rana ta biyu ta zaman makoki na bi aminin Kawu gefen gida, inda ya je wanke hannu. Na ce, "Baba, ya taɓa yi maka maganata?"

Ya ɗauki lokaci yana yarfe ruwa. "Duk zuwan da na yi sai ya tambaye ni abu ɗaya. Yana sa tsinke kuwa?"

"Me kake ce masa?"

"Gaskiya nake gaya masa."

Gaskiyar ita ce ba na sawa. Na san shi ke da gaskiya, na zubar da ƙwallaye a kwarin nan ba adadi tun daga ranar. Amma in na sunkuya zan soka, sai in ga hannu biyu a miƙe, sai in fasa.

Dattijon ya gyara hula. Ya ce, "Ni ma na daɗe da sanin shi ke da gaskiya. Tun ranar bokitin nan na sani. Don kada hirar ta ƙare ne na ƙi yarda. Yanzu ga shi ta ƙare." Ya share ido da bayan hannu. "Abin da kake son ji kuwa, ban ji shi a bakinsa ba, ba zan yi maka ƙarya ba. Ka tambayi mai ɗakinsa."

Allah ya jiƙan Kawu, ya sa ƙasa ta yi masa laushi, ya sauke masa duk nauyin da ya ɗauka domin wasu. Mutumin da mutanen garinsa suka kira ɗan dako ya fi duk wanda ya riƙe wa jaka sanin wasan, kuma ya fi mu mutunci, mu da muka bar shi a rana. Na rubuta wannan ne don a sani, ko da bakina bai iya faɗa a kan tabarma ba.

Bayan addu'ar uku, da mutane suka fara watsewa, na shiga cikin gida. Iya tana zaune a kan tabarma a ɗakinta, lulluɓe da mayafin takaba, carbi a hannu. Na durƙusa a bakin ƙofa na yi mata gaisuwa, ta amsa duka ba ta ɗago ba. Na fara kame-kame, ina cewa akwai wata magana tsakanina da Kawu wadda ba ta sani ba.

"Na sani," in ji ta. "Ranar ma ya gaya mini. Ya ce kada in bari mahaifiyarka ta ji, har ta koma ga Allah ba ta ji ba."

"Iya, ya ce ya yafe mini?"

"Ka zo ne in ce maka e, ka koma birni ka yi barci. Ni ban ji ba, ɗan nan. Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Shekara tara ban ji ya ambace ka da komai ba sai Alhajin birni."

Ta ja carbi biyu ko uku.

"Sai kwana biyun nan na ƙarshe, da jikin ya yi tsanani. Ya yi ta kira, Babana, Babana, yana duban ƙofa. Liman ya ce mahaifinsa yake gani, alamar tafiya ce, aka yi ta karanta masa kalmar shahada."

"Iya, ni yake kira?"

Sai a lokacin ta ɗago ta dube ni.

"Ku biyu ne masu sunan, ban san wanda yake nufi ba. Babu wanda ya zo a cikinku. Shi dai wancan yana kabari shekara hamsin, yana da uzuri."